Kili, Dokin Da Aka Fanso Daga Kara

1. Tsoho da jikansa

Tsiga gari ne na manoma a ƙasar Bakori, cikin kudancin Jihar Katsina. Ƙasar nan da ta tashi daga Funtuwa har Malumfashi ƙasa ce mai albarka. Ana noma masara da dawa da auduga da waken soya, a fadamu kuma ana yin rake da tumatir. Duk manomin da ya ke da bijimai biyu da garma, to, ya sami abin rufin asiri. Wanda ya ke da ɗaya kuwa, kullum tunaninsa yadda zai yi ya sami na biyu.

A garin nan akwai wani dattijo wanda ya ba shekara 70 baya. Sa'ad da ya ke saurayi ɗan barga ne a gidan wani hakimi. Aikinsa yankan ciyawa, da share barga, da wanke dawaki, da ɗaura sirdi. A zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi wannan aiki, watau sarkin nan da ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, wanda sunansa ya kai har ƙasashen waje saboda gwanintarsa a wasan ƙwallon dawaki. A 1977 ma, da aka yi babban hawan daba a Kaduna, yana cikin samarin da suka raka dawakin ubangidansa. Da ubangidan ya rasu sai ya komo Tsiga, ya kama noma. Tun daga ran nan bai sake riƙe ragama ba. Amma in ya ji haniniya, ko barci ya ke yi, sai ya ɗaga kai.

Yana da wani jika namiji ɗan shekara 11, yana aji biyar a makarantar firamare. Kun dai san jika da kaka, kullum cikin wasa su ke. Tsoho ba ya kiran yaron nan da sunansa, sai dai ya ce "abokina". Matar tsoho kuwa "maigidana" ta ke ce masa.

2. A kara

Wata shekara tsoho ya sayar da audugarsa duka, ya haɗa da buhun masara 8, ya ƙulle kuɗin ya ajiye. Niyyarsa ya sayi bijimi ya haɗa da guda ɗayan da ya ke da shi, domin in damina ta faɗi ya huta da zuwa aro. Da sanyi ya wuce, zafi ya fara, aka ba da hutun makaranta, sai ya ce wa jikansa, "Abokina, shirya ka raka ni Funtuwa, ka ga yadda manya ke ciniki."

Suka isa kara da hantsi. Kara ita ce wurin da a ke sayar da dabbobi a kasuwa. Ga shanu, ga tumaki da awaki, ƙura ta tashi, dillalai suna ta kai da kawowa. Tsoho ya ga wani jan bijimi mai gajeren ƙaho, ya duba haƙoransa, ya duba ƙafafunsa, ya ga ya yi masa. Yana shirin tayawa ke nan, sai ya waiwaya bai ga yaro ba.

Can ya hango shi a ƙarshen kara, kusa da wata babbar mota, ya tsaya yana kallon waɗansu dawaki biyar da aka ɗaure wuri ɗaya. Ba irin dawakin da ku ke gani ran Salla ba ne. Duk sun rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Wani na ɗingishi, wani ido ɗaya gare shi, wani ƙudaje sun baibaye masa baya. Ba mai haniniya a cikinsu, ba mai tonon ƙasa da kofato.

Yaro ya ce, "Kaka, waɗannan kuma wa zai hau su?"

Tsoho ya ce, "Ba mai sake hawansu, abokina. Motar nan da ka gani kudu za ta kai su, can inda a ke yanka doki a ci nama. Masu sayensu ba gudu su ke nema ba, ba kyau ba, nauyi kaɗai su ke dubawa."

A nan ya kamata ku san yadda doki ya kan faɗa cikin wannan hali. A da, doki shi ne motar ƙasar Hausa. Da shi a ke yaƙi, da shi a ke kai saƙon sarki, da shi hakimi ya ke rangadi. Yanzu mota da babur sun karɓe masa wannan aiki, sai hawan Salla da hawan angwanci da sukuwa da wasan ƙwallo suka rage masa. Ana kawo dawaki daga Jamhuriyar Nijar zuwa manyan kasuwannin bakin iyaka, kamar Mai'aduwa a ƙasar Daura, wadda ke ci ran Lahadi, da Maigatari a Jihar Jigawa, wadda ke ci ran Alhamis. Mutum ya kan sayi doki yana murna, sa'an nan ya tarar ashe doki bai san Salla ta wuce ba. Kullum sai ya ci, kullum sai ya sha. In harawa ta yi tsada, ko dokin ya fara tsufa, ko ya ji ciwo, sai ya sayar wa wani da araha. Wannan ya more shi, ya sayar wa na gaba. Haka zai yi ta sauka daga hannu zuwa hannu, kowane hannu ya fi na baya tsanani, har ran da za a ɗaure shi a gindin mota.

3. Abin da tsoho ya karanta a jikin doki

Cikin biyar ɗin nan akwai wani kili, watau farin doki, ya sunkuyar da kai har leɓensa na neman taɓa ƙasa. Tsoho ya matsa kusa da shi ta wajen kafaɗa, don ba a zuwa wa doki ta baya. Ya yi masa magana a hankali, ya shafa wuyansa, sa'an nan ya buɗe bakinsa.

Ya ce wa yaro, "Zo ka gani. Doki ba ya iya ɓoye shekarunsa. Haƙoransa na gaba shida ne a sama, shida a ƙasa. Yana shekara biyu da rabi ya kan zubar da na tsakiya, yana uku da rabi na kusa da su, yana huɗu da rabi na gefe. In ya shekara biyar bakinsa ya cika. Daga nan kuma sai su yi ta cinyewa, suna karkata gaba. Wannan zai yi shekara 16 ko 17. Dokin da ya sami kulawa kuwa ya kan kai 25, wani har 30. Ka ga ke nan ba tsufa ya ka da shi ba, yunwa ce da wahala."

Ya shafa ƙafar doki ta gaba, doki ya ɗaga masa ita ba gardama. Tsoho ya ce, "Ka gani? An hore shi a barga ta mutunci. Tabon nan na gefen bakinsa na linzamin hawa ne. Amma mikin nan na ƙirji da kafaɗa ba sirdi ya yi shi ba, igiyar ja ce. Injin mazarƙwaila ya ja."

A ƙasar Zazzau da maƙwabtanta a kan ɗaura doki a jikin wani dogon itace, ya yi ta zagayawa yana juya injin da ke matse rake. Ruwan raken nan shi a ke dafawa ya zama mazarƙwaila. Aiki ne mai amfani, kuma doki na iya yinsa, in ana ba shi hutu da abinci. Wanda ya riƙe kilin nan dai bai ba shi ba.

Doki ya ɗaga kai kaɗan, ya sunsuni rigar tsoho. Tsoho ya yi shiru. Ya dubi wajen da jan bijimi ya ke, ya taɓa aljihunsa, ya sake duban doki. Sa'an nan ya kira dillali.

Dillali ya ce, "Haba, Baba, wannan ai ba naka ba ne. Ga falke nan ya riga ya taya. In dokin hawa ka ke so, zo in kai ka wurin ingarma."

Tsoho ya ce, "Shi na ke so, Malam."

A waɗansu ƙasashe gwanjo a ke yi wa irin dawakin nan. A kara kuwa ta hannun dillali a ke ciniki. Amma ƙarshen abin ɗaya ne, wanda ya fi ba da kuɗi shi ke tafiya da dabba. Tsoho ya taya, aka ce albarka. Falke ya ƙara, tsoho ya ƙara. Shi falke lissafin nama ya ke yi, da ya ga kuɗin ya wuce abin da zai samu, sai ya kaɗa kai ya ce, "Na bar maka, Baba." Aka sallama. Fiye da rabin kuɗin bijimi ya tafi. Tsoho ya biya la'ada, ya sa aka rubuta masa takardar ciniki a gaban shaidu, domin kada wata rana a ce dokin sata ya saya.

Suna tsaye aka kora sauran huɗun cikin mota, aka rufe. Yaro ya bi motar da kallo har ta ɓace. Ya ce, "Kaka, sauran fa?"

Tsoho ya ce, "Ɗaya hannuna ya iya ɗauka, abokina. Wanda ya kwashi biyar alhali abincin ɗaya gare shi, bai cece su ba, wurin mutuwa kawai ya sake musu."

4. Jinya

Suka kamo hanya da ƙafa, yaro na riƙe da ragama. Doki ba ya iya doguwar tafiya, sai su taɓa kaɗan su tsaya a inuwa. Ba su isa Tsiga ba sai bayan lisha.

Tsohuwa ta fito da fitila, ta haska, ta riƙe baki. Ta ce, "Malam, ina bijimin? Ƙwarangwal ɗin nan ne zai yi mana huɗa? Kai kuma, maigidana, kana tsaye aka yi wannan ciniki? To, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." Tsoho bai ce kome ba, don ya san tana da gaskiya. Ya kafa turke a gindin wata bishiyar mangwaro a bayan gida, ya ɗaure doki. Tun daga daren nan kowa ya ke kiransa Kili.

Da asuba yaro ya ɗebo dawa cike da ƙwarya, zai kai masa. Tsoho ya riƙe hannunsa, ya ce, "Kul! So ka ke ka kashe shi da alheri?"

Ga dalili. Tumbin doki ƙarami ne in an gwada shi da girman jikinsa, kuma doki ba ya iya amai. Abin da ya shiga, ya shiga ke nan. Dokin da ya daɗe cikin yunwa, in aka cika shi da hatsi farat ɗaya, sai ciwon ciki ya kama shi, ko kofatonsa ya ɗau zafi ya gurgunce, wani ma ya mutu. Saboda haka tsoho ya fara ba Kili harawa 'yar kaɗan, kamar cikin hannu biyu, sau shida tsakanin dare da rana. Bayan kwana goma ya ƙara masa yawanta, sa'an nan ya shigo da dusa da ɗan gishiri da kanwa. Dawa kuwa sai da aka yi wata guda. Ruwa ne kaɗai ba a taƙaita masa ba. Doki ya kan sha lita 25 zuwa 50 a rana, ya fi sha kuma da bazara. Jan ruwan nan daga rijiya ya zama aikin yaro, safe da yamma.

Wani maƙwabci ya kawo baƙin man mota, ya ce a shafa wa mikin. Tsoho ya yi masa godiya, amma bai shafa ba, don baƙin mai dauɗa ce, ba magani ba. Sai ya riƙa wanke mikin da ruwan ɗumi da gishiri sau biyu a rana, yana rufe shi da tsumma mai tsabta saboda ƙuda. Ya aika aka kira malamin dabbobi, ya zo ya ba Kili maganin tsutsar ciki, ya yi masa allura, ya ba da maganin kaska. Kofatonsa da ya yi tsawo ya tsage aka yanke, aka daidaita. Kafin damina ta faɗi, sauran kuɗin bijimi ya ƙare tas a kan harawa da magani.

Da Kili ya ɗan ji ƙarfi, sai wata rana aka kwance shi a fili. Bai miƙe ya tafi ba, bai yi tsalle ba. Sai ya sunkuyar da kai ya kama zagaye, yana zagaye, yana zagaye, ba mai korarsa, ba bulala, ba inji. Yaro ya fara dariya, da ya dubi fuskar kakansa sai ya daina. Tsoho ya ce, "Mikin kafaɗa ya fi wannan saurin warkewa." Daga ran nan kullum da la'asar yaro ya kan ja shi, su miƙe sambal har bakin rafi, su komo. Sai da aka yi wata biyu ana haka kafin Kili ya bar zagaye.

5. Labarin da malami ya bayar

Da aka koma makaranta, yara suka sa wa yaron nan suna Sarkin Dawakin Ƙasusuwa. Abin ya dame shi ƙwarai. Malamin ajinsu ya ji labari, bai yi wa kowa bulala ba, sai ya shimfiɗa taswira, ya nuna musu birnin Alƙahira ta ƙasar Masar, ya ba su wani labari na gaskiya.

A Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918, sojan Ingila sun kai dawaki masu yawa Masar. Da yaƙi ya ƙare ba a mai da su gida ba, sai aka sayar da su nan, suka shiga jan amalanke da ɗaukar duwatsu. A 1930 wata Baturiya, matar wani hafsan soja, sunanta Dorothy Brooke, ta zo Alƙahira, ta gan su a titi sun tsufa sun lalace. A 1931 ta rubuta takarda zuwa wata jarida ta Ingila, ta bayyana halin da su ke ciki. Mutane suka aiko da gudummawa. Cikin shekara uku ta fanshi dawaki wajen 5,000. Mafi yawansu wahala ta riga ta cinye su, ba su warkuwa, sai dai aka ba su abinci da hutu, sa'an nan aka raba su da rai ba tare da azaba ba. A 1934 ta buɗe asibitin dawaki da jakuna a Alƙahira, inda talaka zai kai dabbarsa a duba ta kyauta. Har yanzu aikin nan bai tsaya ba.

Malami ya naɗe taswira, ya ce, "Ita ta fanshi dubu biyar da kuɗin jama'a. Kakan ɗan'uwanku ya fanshi ɗaya da kuɗin bijiminsa. To, wa zai gaya mini abin dariya a nan?" Aji ya yi tsit. Ran Asabar sai ga yara uku a ƙofar gidan tsoho, kowa da ɗan ƙunshin ciyawa.

6. Abin da alheri ya ci

Kada ku zaci abin ya zo wa tsoho da sauƙi. Damina ta faɗi, ga shi da bijimi ɗaya. Masu shanu kowa ya fara da tasa gona, kafin a zo kansa lokaci ya ƙure. Shi da jikansa suka yi abin da za su iya da fartanya, amma dole ya bar wani sashe na gonar bai noma ba. Da kaka ta yi, rumbunsa bai cika ba. A shekarar nan ba a ɗinka sabuwar riga a gidan ba. Tsohuwa ba ta fasa mita ba, amma duk dusar da ta fito daga turminta, kafin kaji su gan ta, ta riga ta kai gindin mangwaro.

Kili kuwa ciyawar damina ta karɓe shi. Haƙarƙari ya ɓace, miki ya rufe, gashinsa ya yi sheƙi, gezarsa ta kwanta luf.

Ana nan, wata rana da yamma, sai ga masu rakiyar ango sun biyo ta bayan gida da kalangu da algaita. Da Kili ya ji kiɗa sai ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, ya tanƙwara wuya. Ya shiga ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya daidai da kiɗan, yana taƙama kamar yana tsakiyar hawan Salla. Ya yi wata haniniya wadda aka ji har bakin kasuwa. Masu kiɗa suka tsaya suna kallo. Tsohuwa ba ta san sa'ad da ta rangaɗa guɗa ba. Tsoho ya dubi jikansa, ya ce, "Ban gaya maka ɗan babban gida ne ba?"

7. Neman gida

Labari ya bazu. Wani saurayi mai son sukuwa ya zo ya taya Kili ninkin abin da aka saye shi. Wani mai injin rake shi ma ya aiko. Kuɗin ya isa sayen bijimi har da saura. Tsoho ya ce musu albarka. Ya san dokin da ya kusa shekara 18, in aka sa shi sukuwa ko jan inji, kafin shekara ta kewayo zai sake tsayawa a gindin mota.

Amma kuma ya san wani abu ɗaya. Rumbu bai cika ba, bazara na tafe, ƙarfinsa kuma ba kamar da ba. Wata rana da dare ya zaunar da jikansa, ya ce, "Abokina, Kili ya warke, amma gidan nan ba zai iya riƙe shi har ƙarshen ransa ba. In muka yi taurin kai, da hannunmu za mu mai da shi inda muka ɗauko shi. Sai mu nema masa gida." Yaro ya yi kuka har ya gaji. Tsoho bai hana shi ba.

Tsoho bai amince da labarin baki ba, don gani ya kori ji. Duk wanda ya ce yana son Kili, sai ya taka ya je gidansa. Abu uku ya ke dubawa: ko akwai inuwa da ruwa kusa, ko akwai tanadin harawa na bazara, da kuma yadda sauran dabbobin gidan su ke. Ya kan ce, "Wanda jakinsa ke da miki, ba a ba shi doki." Gida huɗu ya duba, ya komo bai ce kome ba.

Na biyar gidan dagacin wani ƙauye ne kusa da Tsiga. Dagacin na da fadama, yana da samari masu yankan ciyawa, yana kuma neman doki mai hankali wanda jikokinsa za su koyi hawa da shi. Da tsoho ya shiga barga sai ya tarar da wata tsohuwar goɗiya, ta daina haihuwa, ba a hawanta, amma ga ta sumul, ga harawa a gabanta. Ya tambayi ɗan barga amfaninta. Ɗan barga ya ce, "Ai ta gama nata aikin, Baba. Maigida ya ce a nan za ta mutu." Tsoho ya ce a ransa, "Madalla, an zo gida."

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ciniki na zo yi ba, amana na kawo. Amma da sharaɗi uku. Na fari, ba za a sa shi sukuwa ko jan inji ba. Na biyu, jikana zai riƙa zuwa ganinsa. Na uku, in wata rana riƙonsa ya gagara, a mai do mini da shi, kada a kai shi kara."

Dagaci ya ce, "Na karɓa, Malam." Ya sa aka kira liman da mai unguwa suka shaida. Sa'an nan ya ce, "Ka ƙi kuɗi, ban matsa maka ba. Amma na ji abin da gonarka ta yi bara. Duk damina akwai bijimi ɗaya a garkena wanda zai riƙa zuwa ya yi huɗa tare da naka. Wannan kuma kada ka ce mini albarka." Tsoho ya yi dariya, ya yi godiya.

Da Salla ta zo, aka ɗaura wa Kili sirdi mara nauyi, aka aza wani ɗan ƙaramin jikan dagaci a kai. Wanda ya riƙe ragama yana tafe a gaba, kansa a sama, shi ne yaron nan da a ke kira Sarkin Dawakin Ƙasusuwa. Tsoho na tsaye cikin jama'a yana kallo, bai ce kome ba.

Har yanzu motoci na tashi daga kasuwanni da dawakin da masu su suka gaji da su, kuma ba kowanne ne ya ke gamuwa da mai fansarsa ba. Saboda haka in kun girma, kuka yi sha'awar doki, ku fara ƙirga harawar bazara tukuna, kafin ku ƙirga kayan ado. In kuma kun ga dabbar da ta yi wa mutane aiki ta faɗi, kuka yi nufin taimakonta, ku tuna biyan kuɗi a kara shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Sauran yana gida: jan ruwa, da wanke miki, da haƙuri, da neman hannun da zai riƙe ta bayanku.

Tambayoyi

1. Me tsoho ya tafi saye a kara, me kuma ya komo da shi?
2. Ta yaya a ke gane shekarun doki?
3. Don me tsoho ya hana jikansa ba Kili dawa ran farko?
4. Me ya sa Kili ya riƙa zagaye sa'ad da aka kwance shi?
5. Faɗi abu uku da tsoho ya ke dubawa a gidan mai son Kili.
6. Me tsoho ya gani a bargar dagaci da ya sa ya amince da shi?